Dole ne duk abin da hannu ya iya ya zama sana'a? Muhawara kan saƙa da ɗinkin gida

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ya kwana biyu yana cin raina.

Shekarata goma sha ɗaya ina saƙa da kwarashi. Kakata ce ta ɗora ni, Allah ya jiƙanta, da tuma-ƙasa na fara, irin wadda ake rufe kwanon abincin maigida da ita. Ɗinki kuwa sai bayan aure na koya, a kan keken Butterfly na ƙafa da Babanmu ya sa min cikin kayan ɗaki. Ni malamar firamare ce a nan Kano. In na dawo na yi girki, yara suka kwanta bayan isha'i, sai in jawo kwandon zarena. Wannan awa ɗayar ita ce tawa a duk yinin. Ba mai kirana, ba abin da nake ji sai zare yana bi ta kan yatsana.

Watan jiya matar ƙanin maigidana ta haihu. Sati biyar na yi ina haɗa mata kayan barka: farin shawul mai shuɗin baki, rigar sanyi, hula da safa. Da na lissafa, ya kai awa arba'in, don sau biyu ina warware bakin shawul ɗin saboda ya ƙi kwanciya. Ranar suna ana buɗe kaya, wata daga cikin dangi ta ɗaga shi ta ce, "Kai, ya yi kyau, amma ai irinsa a gwanjo bai wuce kuɗin cefane ba." Mai jegon ta ji daɗin kayan sosai, ita ba ruwanta. To kafin a watse mata uku sun ce in yi musu irinsa, ɗaya har da ba ni wa'adi. Ba wadda ta ambaci ko kuɗin zare.

Da na faɗa wa maigidan, sai ya ce mafita ɗaya ce, in sa farashi in mayar da shi sana'a. Yayata ma haka ta ce. Ni kuma na taɓa gwadawa. Shekara uku da suka wuce na karɓi ɗinkin sallah na yara kala bakwai. Goman ƙarshe ta azumi ta wuce ina kan keke, daren sallah har aka kira asalatu ina sa zif. Bayan nan wata huɗu ban yaye ƙyallen da ke kan keken ba, ko kallonsa ba na son yi.

Don Allah ku ba ni shawara. Dole ne duk abin da mutum ya iya sai ya zama na kuɗi? Kuma yaya zan ce a'a ba tare da na taɓa zumunci ba?

Anti Bilki Kaduna:
Wa alaikumus salam. Maman Hanan zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, maigidanki ya fi ki gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wane gida ne albashi ɗaya ke riƙewa? Allah ya ba ki abu a hannu, mutane na biyo ki da kansu ba ki yi talla ba, ki ce ba kya so? Wasu suna biyan kuɗi su yi wata shida suna koyo ba su kai ki ba. Iyayenmu daga cikin ɗaki suke kaɗi, suke ƙuli-ƙuli, suke ɗinkin hula, da shi suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Ban taɓa jin wadda ta ce tana kaɗi don nishaɗi ba. Abin da ya same ki a waccan sallar rashin tsari ne, kala bakwai ya yi wa mai aikin gwamnati yawa. Ki karɓi biyu, ki karɓi rabin kuɗi tun farko, ki rufe karɓar aiki ran goma ga azumi.

Ummu Sudais (Jos):
Ni maganar gwanjon ce ta tsaya min. 'Yar'uwa, ki san wani abu: yawancin rigunan sanyin jarirai da ke cikin dila inji ne ya saƙa su, shi ya sa suke da arha tun daga inda aka yi su. Amma saƙar kwarashi ta ainihi har yau hannu ke yin ta, babu injin masana'anta da ke fitar da ita yadda take. To duk shawul ɗin kwarashi da kika gani a Ƙofar Wambai ko a kasuwar Terminus ɗinmu, wata mata ce a wata ƙasa ta zauna ta yi shi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kika yi. Wataƙila wata kaka ce ta yi wa jikanta, yaron ya girma, aka bayar, ya bi jirgin ruwa ya iso nan. Arharsa ba ta nuna ƙimar aikin ba, ta nuna cewa an riga an ci amfaninsa ne. Duk lokacin da na ga irinsu a gwanjo sai na juya su na duba inda mai saƙar ta ɓoye bakin zare.

Maman Hanan:
Ummu Sudais wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na gode.

Anti Bilki na ji ki, kuma ban ce kuɗin ba shi da amfani a wurina ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da zan ɗauki kwarashi don wata na jira na, ba don ina so ba.

Anti Bilki Kaduna:
To ai makarantar ma kina zuwa ne ko kina so ko ba kya so. Haka nema yake ƙanwata.

Maman Hanan:
Shi ya sa Anti. Ina da guda ɗaya irin wannan, ba na son su zama biyu.

Sani Tela, Fagge:
Salamu alaikum iyayenmu mata, ku ba ni dama in sa baki, shekarata ashirin da huɗu a kan keke. Hajiya Maman Hanan, bari mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. In kika raba shi a kwana 22 na aiki, awa takwas kullum, kowace awa ta kama kusan naira 400. Awa arba'in ɗinki ke nan naira 16,000, ba a sa kuɗin zare ba, ba a sa kuɗin motar zuwa kasuwa ba, kuma wannan lissafin ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi ne, ba na mai gwaninta ba. Ki tambayi matan nan uku wace ce za ta biya wannan. Ina tabbatar miki shiru za ki ji.

Saboda haka ni ban goyi bayan Hajiya Bilki ba a kan saƙa. Ɗinki yana iya ciyar da mutum domin keke na da sauri, rigar yarinya awa biyu na gama ta. Kwarashi ba shi da ƙafa. Wadda za ta ci riba da shi sai dai ta yi ƙananan abubuwa masu saurin fita, ko ta samu masu saye da suka san darajar aikin hannu.

Abu ɗaya nake roƙo ga masu ɗinki a gida: in za ku karɓi kuɗi, ku karɓi na gaskiya. Idan mace ta ɗinka riga da zani a kan rabin farashi don ba ta biyan hayar shago da man janareta, gobe mai kayan ni za ta zo ta ce wa na cika tsada.

Zainab 'Yar Gusau:
Malam Sani da kuna cika alkawari ai da ba mu koyi ɗinki ba. Ni abin da ya sa na sayi keken hannu ke nan. Sallah biyu a jere ina zuwa idi da tsohon kaya, atamfata na shagon wani tela ko yankawa bai yi ba.

Sani Tela, Fagge:
Ban musa ba ƙanwata, akwai masu karɓar abin da ya fi ƙarfinsu, kuma laifi ne. Amma ki duba, Hajiya da ta karɓi kala bakwai kawai sai da ta kai asuba. To ki auna mai kala ɗari, ga wuta ba ta tsayawa, ga wanda zai kawo yadi ran ashirin da bakwai ga azumi ya haɗa ka da Allah. Duk wanda ya taɓa zama a kan keke daren sallah ya san abin da nake faɗa.

Hajiya Inna Zariya:
'Ya'yana sannunku. Jikata ce ke rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan rubutu.

Bilki, kin ce ba ki taɓa jin wadda ke kaɗi don nishaɗi ba. Gaskiya ne ba mu kira shi da wannan suna ba. Amma bari in ba ki labarin mahaifiyata. Takan gurza auduga da kanta, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari da ɗan alli a yatsa tun bayan azahar. Abawa mai kauri ita take kaiwa a sayar, da ita ake cefane. Amma akwai wani siririn zare da take kaɗawa a hankali, ba ta haɗa shi da na kasuwa, tana tara shi a cikin wata ƙwarya a ƙarƙashin gado. Dillaliya ta sha yi mata tayi ta ƙi. Shi ta bayar aka saƙa mana zane ni da ƙanwata lokacin aurenmu. Nawa yana nan a akwati har yau, ya fi shekara hamsin. To ka ga ita ma ta raba: ga na ciki, ga na rai.

Nan birnin Zariya kowa ya san mu da aikin babbar riga. Aska takwas, wato adon da ake yi wa gaban rigar, ta hannu sai mutum ya yi watanni a kanta. Na ga mata da yawa a unguwarmu sun tsufa a kan wannan aiki, ido ya tafi, baya ya ranƙwafe, rigar ta je Kano ko Abuja ta yi kuɗi a hannun wani. Ban ce kada a nema ba, nema wajibi ne ga wanda ba shi da wata hanya. Amma ke Maman Hanan Allah ya ba ki albashi. In kin ga awa ɗayar nan ita ke riƙe miki hankali, kada ki sayar da ita. Ba kowane abu ake kaiwa kasuwa ba.

Maganar dangi kuma, kunya ce ke cin ki. Ki ce musu, "Ba na karɓar aiki, amma in kina so ki sayo zare ki zo in koya miki." Mai so da gaske za ta zo. Wadda aikin banza take nema ba za ki ƙara jin ta ba, kuma ba ki yi mata rashin mutunci ba.

Anti Bilki Kaduna:
Inna Allah ya ƙara girma, ba zan ja da ke ba. Sai dai mahaifiyarki ma ai ta sayar da abawar. Ni abin da nake cewa ke nan, Maman Hanan ta ware na kasuwa ta ware na rai. Ita kuma so take duka ya zama na rai.

Hajiya Inna Zariya:
Ita na kasuwarta yana aji, gaban allo. Ta riga ta fitar da shi tun safe.

Fati Ɗalibar BUK:
Don Allah ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Sati uku ke nan na fara koyo a YouTube. Mayafi nake so in yi, amma kullum sai ya riƙa tsukewa yana hawa kamar dala, ƙasa faɗi sama siriri. Sau huɗu ina warwarewa. Kuma na bi bidiyo biyu a kan abu ɗaya, sunan saƙar ɗaya, amma abin da ya fito daban.

Ummu Sudais (Jos):
Fati ba ke kaɗai ba ce, duk mun bi ta nan. Tsukewar nan ta ƙarshen layi ce, kina tsallake ramin ƙarshe ba ki sani ba, kowane layi kina rasa ɗaya. Ki ƙirga a ƙarshen kowane layi, in kin fara da talatin ki tabbata talatin kika ƙare da shi. Ki sa ɗan fil ko guntun zare mai wani launi a ramin farko da na ƙarshe don kada su ɓace miki.

Bidiyon kuma ba laifinki ba ne. Mutanen Amurka da na Ingila sunayensu sun saɓa. Abin da 'yar Amurka ke kira singul, 'yar Ingila dabul take ce masa, wanda 'yar Amurka ke kira dabul kuma ita tirebul take cewa. Ki daina bin suna, ki kalli hannun: sau nawa ta naɗa zare a kwarashi kafin ta soka, sau nawa ta ja.

Kuma kada ki fara da baƙin zare ko mai gashi-gashi, ba za ki ga ramukan ba. Ki nemi mai haske, da kwarashi mai lamba 4, wato milimita huɗu. In hannunki ya zauna sai ki sauko 3 ko 2.5.

Maman Hanan:
Fati ƙari a kan na Ummu Sudais: sarƙar farko ki sassauta hannu. Masu koyo suna ɗaure ta tamau saboda tsoro, sai ƙasan ya lanƙwashe kamar baka. Ni har yau sarƙar farko da kwarashin da ya fi girma da lamba ɗaya nake yin ta, sannan in koma na ainihi.

Rabi Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan abin da Inna ta faɗa shi muke yi. Muna da taron mata shida a unguwarmu, duk ranar Lahadi bayan la'asar muna haɗuwa gidan ɗaya daga cikinmu, kowa da zarenta, a dafa shayi. Cikinmu biyu suna sayarwa, huɗu ba ma sayarwa, kuma ba wadda ke ganin laifin wata. In wani ya nemi aiki wurina sai in tura shi wurin masu sayarwar. Maman Hanan ki nemi irin wannan a kusa da ke, ki riƙa tura mata masu nema. Kin fita kunya, ita kuma ta samu ciniki.

Zaren namu yawanci daga wajenku yake zuwa, ta Katsina da Jibiya. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 mun sha wuya, har tsofaffin rigunan sanyi muka riƙa warwarewa muna wanke zaren, mu rataya shi da ɗan nauyi ya miƙe, mu sake saƙawa. Na yi wa ɗana hula biyu da rigar yayarsa ta da.

Wani abin kuma, mu da mita da santimita muke awo, ku da yadi da inci. Wata 'yar'uwata ta Katsina ta taɓa turo min awon 'yarta a waya ta ce ƙirji 24, na yanka a santimita, sai ga riga kamar ta 'yar tsana. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya, yadi kuma bai kai mita ba, santimita 91 ne. Duk mai karɓar awo daga ƙetaren iyaka ta tambaya da wane gefen tef aka auna.

Anti Bilki Kaduna:
Rabi wannan shawarar taki ta turawa na yarda da ita. Maman Hanan in ba ki da wadda za ki tura wa, akwai yaran da na koyar a Kano, ki yi min magana ta gefe.

Nas Hadiza:
Tunda maganar kayan jarirai ake, ku bar ni in faɗi abin da nake gani a wurin aiki. Muna son saƙa, amma mu lura da lokaci. Ulun da ya fi yawa a kasuwanninmu na roba ne, yana riƙe zafi kuma ba ya shan gumi. A hunturu, Disamba da Janairu, ko a gari irin Jos, ya yi daidai. Amma ina ganin jariri a watan Afrilu, ana zafin da babba ma ke neman inuwa, an sa masa rigar ulu da hula da safa an kuma naɗe shi a shawul, duk wuyansa ƙuraje. In kina son sanin ko yaro na jin zafi, ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, ba tafin hannu ba, hannun jariri dama yakan yi sanyi.

Masu saƙa kuma don Allah ku bar sa dogon igiya a wuyan riga ko a hula, da ƙananan duwatsun ado da yaro zai iya cirewa ya kai baki. Safa kuwa ku juya cikinta ku duba kafin a sa. Silin zare ɗaya in ya naɗe ɗan yatsan ƙafa yana iya datse jini, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba.

Fati Ɗalibar BUK:
Anti Nas to yaya zan gane na roba da na auduga? Wanda na saya ba takarda a jikinsa.

Maman Hanan:
Ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a waje, ki riƙe da almakashi ba da yatsa ba. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri, yana warin leda. Na auduga yana ci kamar takarda ya bar toka mai laushi. Na gashin tumaki na ainihi warin ƙonannen gashi yake. Shi ya sa ba a ɗora dutsen guga mai zafi a kan na roba, yana lafewa ya mutu, ba ya dawowa. In kin wanke kuma kada ki rataya a igiya, nauyin ruwan zai ja shi ya yi tsawo. Ki shimfiɗa a kan tawul a inuwa.

In kuma da takarda, ki duba lambar rini. Launi ɗaya ne amma in ba tukunya ɗaya aka rina su ba sai kin ga bambanci a rana. Ni na taɓa ƙarasa mayafi da ƙulli biyu da na sayo daga baya, da dare ba ka ganin komai, da safe sai ga layi ya raba shi biyu. Tun daga nan nake sayen abin da zai ishe ni gaba ɗaya har da ɗoriyar guda.

Zainab 'Yar Gusau:
Malam Sani tunda kana nan, mu yi sulhu ka taimake ni. Kekena yana tsallake ɗinki, kuma zare na cukurkuɗewa ta ƙasa.

Sani Tela, Fagge:
Ba komai ƙanwata. Fara da allura, ita ce ke jawo yawancin wannan. Yaushe rabonki da canza ta? In ta dakushe ko ta ɗan lanƙwashe ko an sa ta a juye, dole ya tsallake. Atamfa lamba 14 take so, yadi mai kauri 16, mai santsi marar nauyi 11. Cukurkuɗewar ƙasa kuma mutane suna zaton daga ƙasa matsalar take, alhali yawanci zaren sama ne bai shiga wurin matsewarsa ba. Ki ɗaga ƙafar keken, wato ƙarfen da ke danne yadi, ki zare zaren gaba ɗaya ki sake bi da shi. Sannan ki buɗe farantin ƙasa ki share ƙurar da ta taru a haƙoran da tsohon buroshi, ki ɗiga man keke. Man keke fa, ba man gyaɗa ba, na sha karɓar keken da man girki ya daskare a ciki. Da hunturu ki riƙa rufe shi, ƙurar nan tana cin ƙarfe.

Kuma atamfar auduga ki jiƙa ta ta bushe kafin ki yanka in rigar mai kama jiki ce, wata tana ɗan shiga bayan wankin farko.

Zainab 'Yar Gusau:
Allurar tun da na sayi keken ban canza ba. Na gode Malam, Allah ya ƙara buɗi.

Maman Hanan:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana tara, don na ga wasu suna tambayata ta gefe.

Na bi maganar Inna. Na kira matan nan uku ɗaya bayan ɗaya, gabana na faɗuwa, na ce ba na karɓar aiki amma duk Asabar bayan la'asar ƙofata a buɗe take ga mai son koyo, ta zo da zarenta. Ta farko ta ce ba ta da lokaci, na ba ta lambar yarinyar da Anti Bilki ta haɗa ni da ita, na ji har sun daidaita a kan hula da safa. Ta biyu, mai wa'adin nan, ta ce ba ta san abin nawa ya zama na wulaƙanci ba, ta kashe waya. Wannan ta dame ni, kwana biyu ina saƙa da warwara a raina. Na faɗa wa surukata yadda aka yi don kada labari ya je mata a karkace, ta ce in bar mata sauran.

Ta ukun ba ta zo da kanta ba, ta turo 'yarta mai shekara goma sha biyu da ƙulli biyu na ulu ruwan hoda a leda. Yarinyar ta zauna a tabarma har aka kira magariba ba ta ɗago ba. Sarƙar da ta yi ta kai tsawon hannuna, wani wuri a matse wani wuri a sake, ta naɗe ta a hankali ta sa a aljihu ta ce za ta nuna wa babanta.

Anti Bilki, abu ɗaya na ɗauka daga wurinki: na daina sayen zare da kuɗina don wani ya ce yana so. Kyauta kuma ni zan zaɓi wanda zan yi wa da lokacin da zan yi.

Anti Bilki Kaduna:
Har yanzu ina ganin kina barin kuɗi a ƙasa, amma ranki ne. In kin canza shawara ina nan. Ki gaida ɗalibar taki.

Maman Hanan:
Za ta ji Anti. Sai dai ina da matsala ɗaya, yarinyar bahaguwa ce. Duk abin da na nuna mata sai ya juye a hannunta, ni kuma na kasa riƙe kwarashi da hagu. Akwai wadda ta taɓa koyar da bahaguwa?

Rabi Maraɗi:
Ƙanwata bahaguwa ce, ni na koya mata. Kada ki zauna a gefenta, kuma kada ki tilasta mata dama. Ki zauna a gabanta kuna fuskantar juna, gwiwa da gwiwa, ta riƙa kwaikwayon hannunki kamar tana kallon madubi. Layinta zai riƙa tafiya daga hagu zuwa dama, naki daga dama zuwa hagu, ki bar shi haka.

Maman Hanan:
To madalla. Asabar mai zuwa in sha Allah zan gwada, tuma-ƙasa nake so mu fara.